Ƙarancin Jini ga Mai Juna Biyu a Ƙasar Rabah, Wurno da Goronyo

Ƙarancin jini shi ne raguwar sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar iskar numfashi daga huhu zuwa sassan jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa mai juna biyu tana da ƙarancin jini idan awon himogulobin ɗinta ya gaza giram 11 a kowace desilita, idan kuwa ya gaza 7 to abin ya yi tsanani. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kusan shida cikin goma na masu ciki a Nijeriya suna fama da shi, kuma Jihar Sakkwato na cikin wuraren da ya fi addabar mata.

Shi kansa cikin yana tsinka jini, domin ruwan jinin ya fi ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa, ga ɗan tayi da mabiyiya suna jan sinadarin ƙarfe daga jikin uwa. A ƙasar Rabah da Wurno da Goronyo, a Jihar Sakkwato, akwai ƙari a kan wannan. Fadamun shinkafa da albasa, da noman rani da madatsar ruwa ta Goronyo ke shayarwa, su ne arzikin yankin, amma ruwan da ke kwance yana raya sauro. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa ƙwayoyin jini, yana kuma maƙalewa a mabiyiya ko da mace ba ta ji zafin jiki ba, musamman mai cikin fari. Tsutsar ciki, amosanin jini da haihuwar kwanika suna ƙara ta'azzara abin. Tuwo da fura suna ƙosarwa, sai dai ƙarfen da ke cikinsu ba ya shiga jiki da sauƙi.

Alamun ƙarancin jini suna yaudara, domin sun yi kama da laulayi: kasala, jiri, haki bayan ɗan surfe, bugun zuciya, wani lokaci da kwaɗayin farar ƙasa. Idan aka ja fatar idon ƙasa sai a ga cikinta ya yi fari fat maimakon ja, tafin hannu da harshe ma haka. Kunyar cikin fari tana sa yarinya ta ɓoye cikin har ya tsufa, sai a je awo a makare, bayan watannin gyara sun shuɗe.

Idan ba a magance ƙarancin jinin ba, jariri na iya zuwa bakwaini, ko da ƙarancin nauyi, ko ya koma tun a ciki. Ga uwa kuwa, zuciya tana aikin da ya fi ƙarfinta har ta gaza, ƙafafu su kumbura, numfashi ya sarƙe. Babban haɗarin yana ranar haihuwa. Zubar jinin da ta kai rabin lita, wadda lafiyayyar mace kan jure, tana iya kayar da wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan. Yawancin haihuwa a karkarar Sakkwato a gida ake yi, kuma tafiya daga ƙauye zuwa inda ake ƙarin jini, ko zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, takan ci lokacin da mai zubar jini ba ta da shi. Wannan ne ya sa a 2013 jihar ta fara raba ƙwayar misoprostol, mai rage zubar jini bayan haihuwa, ga masu haihuwa a gida.

Rigakafin ba shi da tsada. A wurin awo ana ba da ƙwayar ƙarin jini da folik asid a sha kullum, da maganin zazzaɓi na SP daga wata na huɗu, a ƙalla sau uku, wata guda tsakani, da maganin tsutsa da gidan sauro. Mata da dama suna daina shan ƙwayar ƙarin jinin don ta mayar da bayan gida baƙi, ko don tsoron jariri zai yi girman da zai hana haihuwa. Baƙin ba illa ba ne, tsoron kuma ba shi da tushe. Hanta, kifi, wake, zogale da alayyafo suna taimakawa, lemo da tumatir suna sa jiki ya karɓi ƙarfen, shayi kuwa yana rage shigarsa jiki idan aka haɗa da abinci. Wadda jininta ya yi ƙasa ƙwarai ana yi mata allurar ƙarfe ta jijiya ko ƙarin jini, kuma a asibiti ya kamata ta haihu, mijinta ya tanadi dangin da za su ba da jini tun kafin watan ya tsaya.