Tafkin Nguru da Baƙinsa

Cikin sanyin hunturu muka kai ɗalibanmu tafkin Nguru. Tun da asuba muka bi gaɓa a ƙasa, muka ga dinya da kirinjijiya da zalɓe, ga kuma agwagin da suka ƙetaro hamada daga Turai, ba sa komawa sai bazara.

Amma masunta sun nuna mana yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, ambaliyar kogin Haɗeja ta ragu ƙwarai. In fadama ta bushe, baƙin nan ba su da masauki.

To, malamai, ku riƙa kai yara su ƙidaya tsuntsaye, su rubuta. Mutum ba ya kishin abin da bai sani ba.