Karatu a Wajen Aji: Amfaninsa da Haɗarinsa ga Yaran Firamare

Abin da ake nufi da karatu a wajen aji shi ne malami ya riƙa fita da ɗalibansa a kai a kai zuwa daji, ko bakin rafi, ko gindin dutse, domin su koyi abin da allo da alli ba za su koya musu ba. Ya bambanta da yawon buɗe ido da akan yi sau ɗaya a shekara. Tambayar da iyaye da jami'an ilmi sukan yi ita ce: ta ƙaƙa za a bar ɗan shekara 8 ya hau itace ko ya hura wuta, sa'an nan a kira wannan karatu?

Asalin tsarin a Turai yake. A 1907 Baden-Powell ya yi zango da yara 20 a tsibirin Brownsea na Ingila, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo tushe, a 1916 kuma aka buɗe reshe na ƙananan yara. A 1941 wani malami Bajamushe, Kurt Hahn, tare da Lawrence Holt mai kamfanin jiragen ruwa, suka kafa makarantar Outward Bound a Aberdyfi, cikin ƙasar Wales, don horar da samari jure wuya. Irin wannan horo ya iso Afirka ta Yamma a 1951 da aka buɗe cibiyar Man O' War Bay a gaɓar tekun Kamaru, wadda daga baya aka mai da aikinta Nijeriya. Amma horon Hahn na samari ne. Wanda ya dace da ƙananan yara shi ne na makarantun daji na ƙasar Denmak, wanda malaman Kwalejin Bridgwater suka je suka gani a 1993 suka kawo Ingila.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne haɗari mai awo. Watau ba a kawar da haɗari ɗungum, a'a, aunawa ake yi daidai ƙarfin yaro. Alal misali, idan za a koya wa yara fiƙe itace da wuƙa, sai kowa ya zauna, ya bar tazarar hannu tsakaninsa da na kusa da shi, ya riƙa tura kaifin nesa da jikinsa. Malami yana kusa, amma ba ya karɓe wuƙar. Yaron da ya ɗan kurje a gwiwa yau, gobe shi da kansa zai gwada ƙarfin reshe kafin ya taka shi. Bugu da ƙari, komawa wuri guda kowane mako yana sa yaro ya ga yadda ganye ke tohowa ya kaɗe, ya auna tsawon inuwa, ya ƙidaya sawun dabbobi. Lissafi da kimiyya ke nan sun shiga ta ido da hannu, gani kuwa ya kori ji.

Sai dai in awon ya kuskure, abin yakan zama makoki. A watan Maris na 1993 ɗalibai matasa 4 suka halaka a mashigin tekun Lyme na Ingila, sa'ad da aka fita da su cikin ƙananan kwale-kwale a hannun masu horon da ba su ƙware ba. Wannan ya sa a 1995 aka kafa dokar da ta tilasta wa cibiyoyin da ke irin wannan sana'a neman lasisi.

Darasin da ke nan ga masu tsara manhaja shi ne, kafin a yi maganar tanti da igiya, a fara da horar da malami: ya san wurin, ya san taimakon gaggawa, ya ƙayyade yawan yaran da idonsa zai iya tsarewa. In an sami wannan malami, kurmin bayan makaranta ma ya isa aji. In babu shi, to, yara su zauna a kan bencinsu ya fi alheri.