Bindigar Gado a Ɗakin Maharbin Muchia

Muchia unguwar 'yan kasuwa ce da ma'aikata da masu sana'ar hannu, ɗaya daga cikin unguwannin Sabon Garin Zariya da suka bunƙasa bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Wanda ya ratsa ta da rana tsaka, cikin ƙarar babura da kiran masu talla, ba zai zaci akwai mai tunanin daji a wurin ba. Amma da an gama kawar da amfanin gona, hunturu ya sauka, ciyawa ta bushe, sai ka fara ganinsu da sassafe: samari riƙe da gora da gatari, karnuka a ɗaure da igiya, ana neman motar da za ta bi ta Samaru ta nufi Shika da Giwa. A cikinsu akan sami dattijo ɗaya ko biyu da ba sa hayaniya, sun rataya wani dogon abu naɗe cikin buhu ko tsohon zane. Su ne maharba.

Bahaushe ya bambanta mafarauci da maharbi. Farauta fitar jama'a ce, da kiɗa da kirari da karnuka, a zagaye daji a tayar da zomo da zabo da gafiya, wani lokaci gada, kuma ba a rasa gardama kan wanda ya fara jifa ko karen wa ya fara kamawa. Harbi kuwa sana'a ce ta gado. Maharbi yana shiga daji shi kaɗai ko da yaronsa, ya kwana a can, ya san sawu da iska da mashayar namun dawa, ya san saiwa da sassaƙe, shi ya sa mutane kan bi shi har gida neman magani. Kakanninsa da baka da kibiya mai dafi suka yi aiki, kuma har yau shugabansu a garuruwa da yawa Sarkin Baka ake ce masa, ko da kuwa bindiga ce a kafaɗarsa.

Bindigar da ya riƙe ita ce ta toka, wadda wasu ke kira baushe, matasa kuma su ce mata harba-ka-ruga. Maƙeri ne ke haɗa ta: dogon bututun ƙarfe, ƙotar itace da aka sassaƙa daidai kafaɗar mai ita, sai kunama. Ta baki ake ɗura mata albarushi, a danna da siririn sanda, a bi da gutsattsarin ƙarfe ko dalma. Harbi ɗaya take yi. Kafin a sake ɗuri, naman da aka kuskure ya yi nisa, wanda aka raunata kuma in mai faɗa ne ya juyo. Wannan ne ya gina halin maharbi gaba ɗaya. Dole ya iya sanɗa, ya bi ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, ya matso kusa ƙwarai, ya haƙura da harbin da bai tabbata ba. Ni a wurina nan darajar sana'ar take. Mutumin da ke da dama ɗaya tak ba ya ɓarna, kuma dajin da irinsa ke shiga yana samun sararin farfaɗowa.

A gida, bindiga tana da ƙa'idojinta. Ana jingine ta a ƙuryar ɗakin maigida ko a rataye ta sama da inda hannun yaro zai kai, albarushi kuma a ajiye shi dabam, nesa da murhu da damshi. A gidaje da yawa ba a yarda a tsallake ta ba, ba a nuna mutum da ita ko da babu ɗuri. Ƙotar takan sha layu da aka ɗinke cikin jan fata, wasu na neman sa'a, wasu na tsari daga abin da ke cikin daji wanda ido ba ya gani. Malamai sun daɗe suna jan kunne kan wannan ɓangare, maharba da yawa kuma sun rage, sun koma ga addu'a kafin fita, amma da wuya ka ga tsohuwar bindiga da ba ta da tabon inda laya ta taɓa zama. Yaro yakan shekara da shekaru yana ɗaukar burgame da gorar ruwa a bayan ubangidansa kafin a bar shi ya ɗura, balle ya harba. Ranar da dattijo ya miƙa masa ita, ba a yin wani dogon jawabi. Yaron ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Na gode, Baba, Allah ya ƙara girma," a ce masa Allah ya tsare. In mai ita ya rasu, takan tafi hannun ɗan da ya bi sana'ar, ko da ba shi ne babba ba.

Bindiga ba baƙuwa ba ce a Zazzau. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Zazzau Yero ya tara rundunar bayi masu bindiga, ɗansa Kwasau kuma ya dogara da ita wajen hawa gadon sarauta da riƙe ta. Can arewa, Sarkin Damagaram Tanimu ya shahara da tara bindigogi har da ƙera igwa a Zinder. Sai dai a 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Birasels wadda ta toshe sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, aka bar musu irin ta ƙyastu da albarushin kasuwa. Mulkin mallaka ya zo ya ƙara ɗaure wannan da lasisi. Shi ya sa wani zango guda na tarihin bindiga ya wuce maharbin Hausa bai taɓa shi ba.

Zangon nan shi ne na bindiga mai mariƙi a ƙarƙashin kunama, wadda dattawan Sabon Gari suka sani a fina-finan kaboyi na gidajen silima. Ana tura mariƙin ƙasa a dawo da shi, kwanson da aka harba ya fice, sabon harsashi ya hau daga bututun da ke kwance ƙarƙashin hancinta. Ƙirar Henry ta 1860 tana ɗaukar harsashi 15 a bututun. Kamfanin Winchester na New Haven a Amurka ya gaje ta ya fitar da ƙirar 1873, sannan ta 1894 da John Browning ya zana, wadda aka ƙera fiye da miliyan 7 kuma ta zama bindigar farautar barewa a can. Tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya tafi da ƙirar 1895 farauta a gabashin Afirka a 1909. Yau akwai masu tara tsofaffinsu. Suna duba lambar da aka buga a jikin ƙarfe, su rubuta wa gidan tarihin bindigogi na Cody a jihar Wayomin, inda takardun kamfanin suke, a gaya musu ranar da bindigar ta bar masana'anta. A wurinsu wadda ba a taɓa gyara ba ta fi tsada. In aka goge tsohon launinta aka sake mata fenti, kuɗinta ya faɗi.

Maharbin Muchia ba haka yake auna tasa ba. Bindigar da ya ce ta kakansa ce, mai yiwuwa an sake mata ƙota sau biyu, maƙeri ya canza kunama, an ɗaure tsagar da ta yi da waya ko ɗanyar fata. Ba ta da lamba, ba ta da takarda. Tarihinta a baki yake: wane ya riƙe ta, a wane daji ta kayar da gadu, wace shekara ta fashe ta ci yatsan wani aka mayar da ita maƙera. Makaɗin garaya ne ke adana sauran, idan ya zo kirarin gidan. Abin da ke damuna shi ne wannan ajiya ta fi ta Cody saurin lalacewa. Dattijo ɗaya ya rasu, labarin bindigogi uku ya bi shi, ƙarfen kuma ya ƙare a hannun 'yan gwangwan. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, tafiyar 'yan mintuna daga Muchia, da masana tarihi da na adabin baka. Aikin naɗar muryoyin waɗannan mutane da ɗaukar hoton kayansu bai fi ƙarfin ɗalibi mai himma ba.

Inda bindigar toka ke fitowa fili da alfaharinta shi ne hawan sallah. A hawan idi da na bariki da na daushe, masu bindigar fada suna tafe a ƙasa cikin ayarin Sarkin Zazzau, sun cika ɗuri da albarushi zalla babu dalma. Su ɗaga sama su saki, ƙasa ta amsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, mata su rangaɗa guɗa, dawakin da suka saba ko gezau. Mutanen Sabon Gari da Samaru kan cika motoci su shiga Birnin Zariya don wannan. Haka ake yi ranar naɗin sarauta.

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta sa irin wadda ake ɗurawa ta baki a rukuni na daban, kwamishinan 'yan sandan jiha ne ke ba da izininta, kuma maharban da ke cikin ƙungiya kan riƙe katin shaida. Duk da haka fita da ita ta zama abin fargaba. Gonaki da gidaje sun cinye dajin kusa, na nesa kamar na Birnin Gwari kuma ɓarayin daji sun sa shigarsa ta zama kasada. A ƙarshen Maris 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 'yan jihar Kano da ke komawa gida yin sallah daga Fatakwal, bayan 'yan sintiri sun ga bindigogin toka a motar da suka hau. Labarin ya girgiza duk wani gidan maharba a Arewa. Da yawa daga cikin masu sana'ar a Zariya yanzu gadin unguwa da kasuwa suke yi da dare, da fitila a goshi, ana biyansu da kuɗin da gidaje ke haɗawa duk wata, kuma yaran da ke bin su sun fi koyon sintiri a kan bin sawu.