Ƙarin Garantin Mota a Intanet: A Karanta Kafin a Biya

A Amurka, sabuwar Toyota ko Honda tana zuwa da garantin shekara 3 ko tafiyar mil 36,000, duk wanda ya riga cika. Da wa'adin ya ƙarato, sai tallan "ƙarin garanti" ya addabi wayar mai mota.

Hukumar FTC mai kare masu sayayya ta bayyana cewa a doka wannan ba garanti ba ne, kwangilar gyara ce da ake saye daban. Shafukan da ke sayar da ita kan nemi lambar VIN, nisan da motar ta yi, da lambar waya, daga nan kuma sai kira ba ƙaƙƙautawa. A 2023, hukumar sadarwa ta FCC ta ci tarar wasu masu irin wannan talla kusan dala miliyan 300, bayan sun yi kiran na'ura sama da biliyan 5 cikin wata 3.

Mai hankali yakan fara duba abin da kwangilar ba ta ɗauka, kamar taya, batir da takalmin birki, sannan nawa zai cire daga aljihunsa a kowane gyara. Mai sayen tokumbo kuwa ya kula, yawancin kwangilolin a Amurka da Kanada kaɗai suke aiki.