GARGAƊI: A Buɗe Bakin Ƙofar Makarantu a Azare Kafin a Yi Asarar Rai

Wannan kira ne na gaggawa ga iyaye, malamai, masu keke napep, 'yan acaɓa, direbobi da masu sana'a a bakin makarantu, a cikin garin Azare da sauran garuruwan ƙasar Katagum.

Cunkoson da ake yi a ƙofar makarantu da safe da lokacin tashi ya wuce batun ɓata lokaci, ya zama barazana ga rayukan yara. Keke a kan keke, babur na kutsawa ta kowace kafa, mota ta tsaya a tsakiyar titi tana sauke yara, wata tana ribas, ga ƙananan ɗalibai suna ratsawa a tsakani. Mafarin abin ɗaya ne: kowa so yake ya sauke ɗansa daidai bakin ƙofa. Sai an bar wannan ɗabi'a za a samu sauƙi.

Azare ba ƙaramin gari ba ne. Babban titin Kano zuwa Maiduguri ya biyo ta nan, daga Jama'are ya miƙe Potiskum, ga hanyar Misau, ga ta Gadau. Tireloli da tankoki da motocin haya ba sa yankewa. Ga masu zuwa babban asibitin tarayya, ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya. Duk jama'ar nan suna fitowa ne a sa'ar da 'yan firamare ke kan hanya. Direban da ya taso daga nesa bai san inda makaranta take ba, kuma tirela mai kaya ba ta tsayawa nan take don an taka birki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin hanya yana kashe mutum kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Shi ya sa a taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Sitokholm a shekarar 2020 aka amince a riƙa taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a duk inda ababen hawa ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Lissafin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 50 tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafar direba ta kai kan birki motar ta riga ta wuce tsawon motoci uku. A gudun kilomita 30 kuwa, mita 8 da 'yan kai take ci. Sannan yaron da bai kai tsayin keke napep ba, idan ya ɓullo daga bayanta, mai tahowa ba ya ganinsa sai ya zo gab. Yaro kuma bai iya auna saurin mota ba. Da ya hango mahaifiyarsa a tsallake, gudu zai yanka.

Iyaye, nauyin farko naku ne. Ku tsaya nesa kaɗan da ƙofa, ku kama hannun yaro ku taka da shi. Ku sauke shi a gefen da makarantar take, ta ɓangaren da ba ya kallon titi. Kada ku tsaya a tsallake kuna yafuto shi. Ku tsallaka da kanku ku ɗauko shi. Kada a yi ribas ko a juya mota a bakin ƙofa. A fito da wuri, domin sauri ya haifi nawa, kuma mai gudun makara shi ne mai yin ganganci. Maƙwabtan da 'ya'yansu ke makaranta ɗaya su haɗa su a keke ɗaya gwargwadon kujerunta, waɗanda gidajensu ke kusa kuma su tafi a ƙasa tare da babba. A daina ɗora yara huɗu ko biyar a babur ɗaya, wani a kan tanki, wani a kan kariya. A tattare wa 'yan mata dogon hijabi kafin babur ya tashi, don kada taya ko sarƙa ta ja shi. Kada a ba yaro makullin babur ya kai ƙannensa. Doka ba ta ba da lasisin tuƙi ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Masu keke da 'yan acaɓa, amanar 'ya'yan mutane kuka ɗauka. Ku yi layi ɗaya a gefe, ban da jeruwa biyu ko uku a kan kwalta. Kada ku ja sai kun ga yaron ya sauka, ya ɗauki jakarsa, ya bar titi. Shugabannin ƙungiyoyinku su ladabtar da mai yin lodi fiye da kima.

Shugabannin makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu da na Islamiyya, ku zauna da ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta (SBMC) a cikin makon nan. A ware wurin sauke yara da ɗaukarsu nesa da ƙofa. A sa malami ko maigadi da riga mai ɗaukar ido ya riƙa tsallakar da yara. A sallami ƙanana kafin manya da kamar minti goma ko sha biyar, makarantun da ke titi ɗaya kuma su bambanta lokacin tashi. Mai ƙofa biyu ya buɗe duka, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. Masu awara da fanke da alewa a ba su wuri daga ciki ko can gefe, don kada yara su taru a bakin kwalta. A ƙara sa ido ranar Juma'a, lokacin da tashin makaranta ke haɗuwa da masu haramar masallaci, da yamma sa'ar tashin Islamiyya, da kuma safiyar hunturu idan hazo ya rufe hanya.

Muna roƙon Ƙaramar Hukumar Katagum, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, hukumar kula da zirga-zirga ta BAROTA da 'yan sanda su tura jami'ai makarantun da ke bakin manyan tituna a waɗannan sa'o'i, a kafa alluna, a yi zanen tsallaka titi da tudun rage gudu yadda ƙa'ida ta tanada. Muna kuma roƙon Masarautar Katagum ta umarci hakimai, dagatai da masu unguwanni su isar da saƙon gida-gida, limamai su tuna wa jama'a haƙƙin hanya a huɗuba.

Idan haɗari ya auku, kada a yi dafifi ana ɗaukar hoto. A buɗe hanya, a kira FRSC a lamba 122, a garzaya da wanda ya ji rauni asibiti mafi kusa, a kuma sanar da makaranta da iyayensa.

Duk wanda saƙon nan ya isa gare shi ya sanar da na kusa da shi, ya kuma fara aiki da shi daga gobe da safe. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya kiyaye hanya. Amin.