Tafiyar Kalmar "Sugar" Daga Indiya Zuwa Ingila

Kafin kalmar "sugar" ta iso bakin Baturen Ingila, sai da ta ratsa harsuna biyar. Tushenta Sanskirit ne, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, inda "sharkara" ke nufin tsakuwa. A Indiya aka fara dafa ruwan rake har ya ƙafe ya zama ƙwaya-ƙwaya, kuma duk wanda ya taɓa murza ɗanyen sukari a tafin hannunsa ya ji kaushinsa, zai gane dalilin wannan suna.

Farisawa suka koyi sana'ar, suka noma rake a yankin Khuzistan, suka ce "shakar". Da Larabawa suka ci Farisa a ƙarni na 7, sai rake ya bi sawunsu zuwa Masar da Sisili da Andalus, sunan ya koma "sukkar".

Abin da ya faru a Turai shi ya fi jan hankalina, domin yana nuna irin cuɗanyar da aka yi. Mutanen Sifaniya sun zauna da Musulmi a ƙasa ɗaya tun daga 711 har zuwa 1492, saboda haka suka ɗauki kalmar haɗe da "al" ɗin Larabci da ke gabanta kamar yadda kunnensu ke ji, "as-sukkar" ya zama "azúcar". Mu ma Hausawa haka muka yi da alƙali da albasa. Italiyawa kuwa suka yar da "al", suka ce "zucchero", kuma ta wannan reshe Faransawa suka sami "sucre". Wajen ƙarshen ƙarni na 13 kalmar ta tsallaka zuwa Ingila ana rubuta ta "sugre". A lokacin sukari kayan masu hali ne, a shagon masu magani ake auna shi kaɗan-kaɗan tare da kayan yaji.

Akwai wani reshe da ya bi ta Girkanci, "sakkharon", wanda daga gare shi aka raɗa wa sakarin suna, sinadarin zaƙin da aka gano a birnin Baltimo na Amurka a 1879.

Hausa kuwa sau biyu ta karɓi wannan baƙuwa. "Sukari" ta shigo daga Larabci, "suga" kuma daga Ingilishi, shi ya sa yau a asibiti ɗaya za ka ji wani na fama da ciwon suga, na kusa da shi na fama da ciwon sukari.