Maganin Likita ko Ƙwaya? Bambancin Sabon Jiki da Jarabar Shaye-shaye

Ina son in yi bayani kan wata mas'ala da ta taso a gidanmu, domin na tabbata akwai irinta a wasu gidajen.

A hutun bara innata, ƙanwar mahaifiyata, ta zo mana nan Tamanrasat daga Faransa tare da ɗanta mai shekara tara. Kullum da safe sai ta ba shi ƙwaya ɗaya. Da kakarmu ta gani sai ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, yaro ƙarami kika ɗora kan ƙwaya? Ba ki ga yadda sarukh ya mai da samarin unguwa ba?" Inna ta yi shiru, har ta fara tunanin daina ba shi.

Yaron yana da matsalar da Faransawa ke kira TDAH, masu Ingilishi kuma ADHD, wato rashin natsuwa da yawan motsi da saurin aikata abu ba tunani. Ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma aljanu ba. Maganin da yake sha sunansa metilfenidat, an fi saninsa da Ritalin. Wani masani, Leandro Panizzon, ya haɗa shi a kamfanin CIBA na ƙasar Suwizalan a 1944. Aikinsa shi ne ƙara yawan sinadaran dofamin da noradirenalin tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, sai yaro ya iya tsayar da hankali wuri guda.

To, kakarmu ba ta yi kuskure gaba ɗaya ba. Maganin yana cikin waɗanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa ido, saboda ana iya shansa ba bisa ƙa'ida ba. A Faransa ma likita ba ya rubuta na fiye da kwana 28 a takarda ɗaya. Amma kama da wane ba ta wane. Abu biyu ne ake cakuɗawa, kuma Larabci ya raba su: akwai i'itimadi, akwai idmani.

I'itimadi shi ne sabon jiki. Misalinsa yana gabanmu. Dubi dattawanmu masu shan shayi zagaye uku kowace rana. Ranar farko ta azumi za ka ji suna kukan ciwon kai da kasala. Jikinsu ya saba, shi ke nan, bayan 'yan kwanaki ya wuce. Ba wanda ya taɓa sayar da tukunyar gidansa don shayi. Haka mai farfaɗiya, ba a yarda ya yanke maganinsa farat ɗaya ba, kuma ba mai ce masa ɗan ƙwaya. Mai shan metilfenidat shi ma idan ya daina kwatsam yana iya jin gajiya da ƙunci na ɗan lokaci, rashin natsuwarsa kuma ta dawo. Wannan ba jaraba ba ce.

Idmani kuwa shi ne linzami ya kuɓuce wa mutum. Alamominsa sanannu ne: yana ƙara yawan abin da yake sha da kansa, maganin wata guda ya ƙare masa cikin mako biyu, tunaninsa kullum yana kan ƙwayar, yana ƙarya ko sata don ya samu, yana ganin cutarwar da idonsa amma ya kasa bari. Sarukh ɗin da kaka ta ambata, asalinsa magani ne mai suna piregabalin, na ciwon jijiya da farfaɗiya. Haka taramol da ya addabi Nijar da Najeriya, maganin ciwo ne. Yadda aka sha su da dalilin shan ne ya mai da su bala'i.

Hanyar shan ma tana da tasiri. Idan aka haɗiye ƙwayar a ma'aunin da likita ya yanka, a hankali take isa ƙwaƙwalwa, ba ta kawo maye. Masu neman maye kan daka ta su shaƙa ko su sha da yawa, ta buge su lokaci guda, daga nan jaraba ke shiga. Binciken likitoci bai nuna cewa yaran da aka yi wa magani bisa ƙa'ida sun fi sauran masu wannan matsala faɗawa shaye-shaye ba.

Ma'auni mafi sauƙi shi ne a dubi rayuwar mutum. Magani yana faɗaɗa ta: yaro ya zauna a aji, ya riƙe haddarsa, ya daina faɗa da abokai. Jaraba tana ƙuntata ta: karatu ya lalace, sallah ta tafi, mutunci ya zube. Wani abin dariya ma, ɗan innata sau da yawa mantawa yake da maganin sai an tuna masa. Kun taɓa ganin ɗan ƙwaya ya manta da ƙwayarsa?

Sai dai a kiyaye abu huɗu. Na ɗaya, maganin ya zauna a hannun iyaye, a kulle. Na biyu, likita kaɗai ke ƙarawa ko ragewa ko tsayarwa, kuma a gaya masa idan yaro ya daina cin abinci, ko barci ya gagare shi, ko zuciyarsa na bugawa da sauri. Na uku, mai azumi ya tambayi likita lokacin sha tun kafin watan ya kama. Na huɗu, kada ka ba abokinka ko da ƙwaya ɗaya wai don jarrabawar bakaloriya. Cutarwa ce, kuma dokar Aljeriya mai lamba 04-18 ta shekarar 2004 tana hukunta masu safarar irin waɗannan magunguna ba bisa ƙa'ida ba.

Da inna ta yi wa kaka misalin shayi, kaka ta yi dariya ta ce, "To ni ma ashe ina ciki." Yaron bai yanke maganinsa ba. Mu dai mu daina gaggawar kiran mara lafiya ɗan ƙwaya, kada kunya ta sa uwa ta hana ɗanta abin da ke taimakonsa. Wanda kuma ya ga alamun idmani a tare da shi ko ɗan'uwansa, ya nemi likita da wuri.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana hankulanmu. Wallahu a'alamu.